Hutun Mai Tsamo Gawa

Gran-Popo, ranar Talata

Zuwa ga mai ɗakina, Marka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar, ta sassauta? Yaya Latifa da jikanyarmu Munawwara? Yaya maƙwabta, yaya gulbi, ya fara ja da baya? Idan kun tambaye mu, ni da ɗiyarki Balkissa muna nan lafiya, sai kewarku.

Na zaɓi takarda don na san halin wayarki. Da na kira sai ki buɗe murya, gida duka ya taru, har akuya ta san abin da na ce. Wannan kuwa direban kar, babbar motar Malanville, zai miƙa miki hannu da hannu, ki zauna ki haɗa baƙaƙen a hankali yadda kika saba. Karatun yaƙi da jahilcin da na riƙa yi miki dariya a kansa, yau ga ranarsa ta zo.

Balkissa ta karɓi hutun kwana goma daga asibitin da take ungozoma a Kwatano, ta kama mana ɗaki biyu a wani otal mai rufin ciyawa. Abin da muka yi shekara ashirin muna fama mu rabu da shi mu sa kwano, shi manya suke rububin kwana a ƙarƙashinsa a nan. Annasara suna kwance bisa rairayi tsakar rana kamar kifin da aka shanya, ba mai tambayarsu lafiya. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, wurin yana da kyau. Itatuwan kwakwa sun jeru iyakar ganin ido, jiragen masunta an shafe su da ja da kore, kowanne da rubutunsa a gefe, ga iska mai sanyi ba ta tsayawa.

Ita a wajenta hutu ta kawo ni, wai na rame. Ke kin san abin da ya fito da ni. Wata goma sha huɗu ke nan da jirgin da babban ɗanmu yake aiki a ciki ya kife a nan, mutum tara suka fita, takwas suka dawo. Lokacin ina kwance da ciwon nan da ya kusa kai ni, da na tashi kuma kika ce mu jira, wai akan tsinci mutane da rai har ƙasar Ghana. Mun jira. Liman ya ce muddin babu gawa, babu wanda ya ga kabari, matarsa Latifa matar aure ce sai ta cika shekara huɗu. Shekararta ashirin da uku, tana zaune a gidanmu, ba miji ba takaba, tana wanke tufafinsa tana ninkewa. Ganinta yana hana ni cin abinci.

Shekara talatin da biyar, duk wanda gulbi ya ci daga Madekali har gadar Gaya, ni ake tasowa. Ban taɓa barin wata uwa ba tare da na miƙa mata gawar ɗanta ba. Shi ya sa na ce miki in dai ruwa ne, ki bar ni da shi.

To, jiya na ga teku. Na tsaya ina neman ɗaya gaɓar da ido, kamar yadda kowane ɗan gulbi zai yi, har Balkissa ta taɓa ni ta ce mu je mu ci abinci. Babu ɗaya gaɓar, Marka. Na bi ta, ban nuna mata komai ba.

Ki gaida Latifa, kada ki ce mata komai tukuna. Ki shafa mini kan Munawwara.

Naki,
Oumarou

Gran-Popo, ranar Alhamis

Zuwa ga Marka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kin tashi lafiya, ke da mutanen gida duka, kuma kina shan maganin nan ba ɓoye shi kike yi a ƙarƙashin tabarma ba.

Yau na yi abin kunya, gara ki ji daga bakina. Kin san yadda nake aikina a gida. In aka nuna mini inda mutum ya nutse, sai in jefa gungume mai nauyinsa, in bi shi da jirgi. Inda ruwa ya ajiye gungumen, nan zai ajiye mutumin a rana ta uku. Bai taɓa ba ni kunya ba. Da safe na sa aka nuna mini saitin inda jirgin ya kife, na sami kututturen kwakwa, na kinkime shi na shiga ruwa har ƙugu, na tura shi da iyakar ƙarfina. Igiyar ruwa ta ɗauke shi, ta juya shi sau biyu, ta jefo mini shi a ƙafa. Na sake turawa, ta sake jefowa. A na uku ta haɗa da ni, na tashi da rairayi a baki, hulata ta tafi. Masu jan taru suka tsaya suna kallo, wata annasara ma ta ɗauke ni hoto, ta zaci wasan tsofaffi ne.

Wani dattijo cikin masuntan ya kama hannuna ya fito da ni. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi, ni kuma faransancina na gaban duwan ne kawai, wato kwastan na kan iyaka, sai Balkissa ta shiga tsakani. Da ya ji ni ma masunci ne, ya zaunar da ni gindin jirginsa, ya sa aka fasa mini kwakwa. Ya ce ya tuna jirgin. Ya ce akwai baƙo ɗan arewa a ciki, wanda ba ya shan abin da suke sha, yana sallarsa a bayan bukka. Sannan ya tambayi sunansa.

Balkissa ta dube ni, ta bar ni da tambayar. Ke kin sani, ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna bai fita bakina ba. “Kai” nake ce masa, ko “wannan”, ko in aiki wani ya kira shi. Haka ubana ya yi mini, ban taɓa ganin laifin abin ba. Na buɗe baki na ce Seydou, sai na ji sunan baƙo ne a harshena. Shekara talatin yana gabana ban kira shi ba, sai yau da ba zai amsa ba.

Dattijon ya ce teku ba ta da ranar uku. Wani takan mayar da shi washegari, wani sai bayan wata, wani har abada. In ta mayar kuwa, gabas take kaiwa. Saboda haka gobe za mu bi ƙauyuka gabas. Na ce wa Balkissa yawon buɗe ido nake so, tunda hutu ne.

Ki gaida kowa. Ki saya mini wata hula kafin in dawo.

Mijinki,
Oumarou

Wida, ranar Lahadi

Marka,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Allah ya sa kuna lafiya. Mu lafiyar jiki muna da ita.

Kwana uku muna tafiya, wani wuri a kabu-kabu, wani wuri a jirgi. Mun bi ƙauye bakwai, kowanne ya fi ɗan'uwansa kyau, har abin ya fara ba ni haushi. Mun ga inda wani gulbi yake shiga teku, ruwan biyu suna kokawa. Na daɗe ina kallonsa, ya zo da faɗinsa da natsuwarsa kamar namu, taku kaɗan ya ɓace. Mun ga ƙauyen da mata suke dafa gishiri daga ƙasa, na saya miki ƙunshi guda. A ko'ina ana yi mana maraba, a ba mu kifi da akasa, tuwonsu na masara. A ko'ina nakan fito da hoton nan na ranar aurensa, a karɓa da hannu biyu, a zagaya da shi, a girgiza kai, a mayar mini. Gefen hoton har ya fara laushi.

Jiya da la'asar ina ɓoye hoton a aljihu, Balkissa ta ce in daina wahalar da kaina da ɓoyo. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba: “Baba, duk garuruwan ga da munka biyo, na riga ka zuwa. Wata shida ina biɗa tai, kowane hutu. Na kawo ka ne ka gani da idonka, don in ni na hwaɗi ba ka yarda.”

Ashe ni ake yi wa wayo, ina tsammanin ni nake yi. Ta je wurin jandarma, ta je ɗakunan ajiyar gawa har uku, ita kaɗai, ba ta gaya mana ba don kada ta kashe miki zuciya. Yarinyar da nake cewa boko ya sa ta manta gida.

Saura ƙauye ɗaya da ta ce ba ta kai ba, saboda ruwa ya yanke hanyar a lokacin. Gobe za mu je. Ba na sa rai, kuma kada ki sa.

Naki,
Oumarou

Wida, ranar Talata

Zuwa ga Marka, abokiyar zamana,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki shiga ɗaki ki karanta ta ke kaɗai, kada ki nemi kowa ya taya ki ko da wata kalma ta gagare ki.

Mun je. Ƙauye ne mai gida kamar goma sha biyar, tsakanin teku da tafki, shi ne mafi kyau cikin duk waɗanda muka gani. Da suka ga hoton, wata tsohuwa ta ce a kira mai gari. Ya ce lalle a watan da muka faɗa teku ta kawo musu wani mutum. Ba nasu ba ne, ba kuma na maƙwabtansu ba. Su a al'adarsu wanda teku ta kashe ba a shigar da shi gari, a bakin ruwa ake rufe shi, haka suka yi masa. Na zauna a ƙasa.

Sai na fara tambaya irin ta mai aikin. Fuska, suka ce babu fuska, ya daɗe a ruwa. Tsawo, wani ya ce dogo ne, wani ya ce a'a, kumburi ne. Na tambayi ɗan yatsan hagu da ƙugiya ta gutsure masa yana ƙarami, wanda ya naɗe shi a tabarma ya ce bai duba hannu ba, sauri suke yi. Na tambayi tufafi, suka ce gajeren wando, irin wanda kowane masunci yake sawa daga nan har Ikko. Kuma a wannan watan, in ji mai gari, jirgi uku ne suka kife a gaɓar nan.

Suka kai ni wurin. Tudun rairayi ne gindin wata kwakwa da ta karkata, teku ta cinye rabin saiwarta. Sun ce damina mai zuwa wurin ma ba zai kai ba. Na tsaya na yi wa wanda yake ciki addu'a, ko wane ne, don shi ma ɗan wata ne. Na jira in ji wani abu a jikina da zai ce mini shi ne, yadda nake ji a gulbi kafin ƙugiyata ta taɓa mutum. Ban ji komai ba, Marka. Ban sani ba. Ba zan taɓa sani ba, kuma babu sauran inda za a tambaya.

Ga abin da na yanke, kuma ke kaɗai nake gaya wa. Ranar Juma'a zan iso. Zan je gaban Liman in ce na ga kabarin ɗana, na tabbatar. Ba wanda zai yi mini musu a Malanville kan maganar ruwa, wannan kaɗai shekara talatin da biyar ta bar mini. Latifa ta shiga takaba, ta fita, ta koma gidan ubanta ta yi aure tun da sauran ƙuruciyarta. Munawwara ta tashi da wurin da za a ce mata nan ubanta yake. Na gaya wa Balkissa, ta ce ba za ta rantse ba, amma ba za ta ƙaryata ni ba. Na san nauyin shaidar zur, na kuma san abin da zai faru in wata rana ya turo ƙofa ya shigo. Na ɗauka a wuyana, ban sa ki ciki ba. Da zan iya yi miki ƙaryar ke ma da na yi, ki huta, amma shekara talatin da uku ban iya ba, kallo ɗaya za ki yi mini ki gane.

Abu guda nake roƙonki. In na faɗa a tsakar gida, ki yi kuka kamar kin yarda. Ki riƙe Latifa, ki dafa abincin sadaka, ki karɓi gaisuwar mutane. In an watse, ta tafi, gida ya koma ni da ke, sai mu ci gaba da jiransa mu biyu.

Ki sa wannan takarda a murhu in kin gama.

Ni ne mijinki,
Oumarou