Saƙon Maman Innocent

Gwarinpa, Abuja
10 ga Maris, 2025

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin, yaya ƙafar? Ina fatan kina shan maganin, ba ajiye shi kike yi a kan firiji ba. Tunda kunnen ya hana mu hira a waya, ga takarda. Malam Uthman direba zai miƙo miki idan ya taso daga Zuba.

Yaya Hussaina ta ce kina tambayar wane irin aiki ne ya hana ni zuwa Zariya. Aikinki ne na gada, Umma, ta wata hanya. Kamfaninmu yana haɗa manhajar da za ta riƙa tura wa iyaye mata saƙo a waya idan ranar rigakafin jariransu ta zo. Ke da kika yi shekara talatin kina nas, kina bin mata har gida da katin awo, kin fi ni sanin amfaninta. Ni aka ɗora wa tsara ta.

Ina aiki da wani mataimaki na cikin kwamfuta da ake kira AI. Ana rubuta masa magana ya amsa, yana kuma taya ni rubuta manhajar. Ni da kaina na kafa masa ƙa'ida cewa kada ya yarda da tsarina kai tsaye. Duk abin da na ɗauka tabbas ne, ya tsayar da ni ya tambaya. Da farko na ji daɗinsa. Ya ce idan wayar ta mijin ce fa? Idan uwar ba ta iya karatu ba fa? Saboda shi muka ƙara saƙon murya.

Amma ba ya gajiya, Umma. Oga Abdulƙadir ya ce ranar ashirin ga wata za a fara aiki da ita a asibitocin Nyanya, ko an gama ko ba a gama ba. Ranar Alhamis mataimakin ya jero mini tambayoyi tara, ga kaina yana sarawa. Ban karanta ba. Na kashe ƙa'idar, na ce ya yi abin da na sa shi kawai. Tun daga nan aiki yake gudu.

Ki gaishe da Hussaina da yara. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Sa'adiya

Gwarinpa, Abuja
20 ga Yuni, 2025

Ummata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma damina ta sauka muku da alheri. Ki yafe mini shirun nan. Ni lafiyar jiki ƙalau, amma kwana uku ke nan abinci ba ya shiga.

Ranar Talata na je wani ƙaramin asibiti a Nyanya duba yadda manhajar take aiki. Nas ɗin tana ta yabo, wai masu kawo yara sun ƙaru. Muna cikin haka wata mata ta shigo, zanen goyo a kafaɗarta, bayanta babu kowa. Sunanta Lucia, tana sayar da abinci a tashar mota. Ta miƙa wa nas wayarta, ta ce don Allah a roƙi mai turo saƙon nan ya bari haka.

Ɗanta Innocent ya rasu tun watan Afrilu, yana da mako goma sha biyu. Zazzaɓi ne na kwana biyu. A cikin mota ya cika, a cunkoson hanyar shiga gari, kafin su kai babban asibiti. Babu wanda ya sanar da manhajar, domin ban yi mata wurin da za a sanar da ita ba. Da lokacin allura ta gaba ya yi sai ta tura: "Maman Innocent, gobe ranar allurar Innocent ce." Da ba a kawo shi ba, ta koma tura na biyu duk Litinin: "Maman Innocent, ba ki kawo Innocent ba. Lafiyarsa tana hannunki."

Litinin bakwai, Umma. Kuma wannan jimla ta ƙarshe ni na rubuta ta. Har yaba mini aka yi a taro, wai za ta zaburar da iyaye.

Lucia ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ni na sani a hannuna ya mutu. Ba sai an faɗa mini kowane sati ba." Ina tsaye kusa da ita da katin kamfani a wuyana. Na juya katin.

Da na koma ofis na buɗe tambayoyin nan tara. Ta huɗu cewa take: tsarin ya ɗauka duk jaririn da aka yi wa rajista zai rayu har ya gama rigakafi, idan ya rasu, wa zai tsayar da saƙon, kuma me uwar za ta ji idan ya iso? Wata uku tambayar tana nan. Da ke na nuna wa tsarin, da tun ba ki kai ƙarshen shafin farko ba kin faɗa mini haka.

A ranar na goge sunan Innocent. Mun bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya, mun sami wasu iyaye goma sha shida irinta. Oga ya ce kuskure ne da kowa zai iya yi. Na san lallashi yake.

Ki roƙa mini gafarar Allah.

Taki,
Sa'adiya

Gwarinpa, Abuja
14 ga Yuli, 2025

Ummata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida ƙafa. Amsarki ta iso, na karanta ta ya fi sau biyar.

Na mayar wa mataimakin ƙa'idarsa. Muna gyara wurin da nas za ta rubuta rasuwar yaro, na ce da an rubuta a goge komai nan take. Sai ya tambaye ni ko na taɓa jin ta bakin uwa ko ɗaya kafin in yanke abin da suke so. Wannan karon na rufe kwamfutar na tafi Nyanya.

Na sami Lucia a rumfarta, an rage cinikin rana. Na gaya mata ko ni wace ce, da cewa hannuna ne ya rubuta maganar. Ta daɗe tana goge faranti ɗaya. Sannan ta jawo mini benci, ta zuba mini shinkafa da wake, ta ƙi barina in tashi sai na ci. Ta ce ta yafe. Ta ce saƙo na biyun ne yake kashe ta. Amma na farkon ba ta goge shi ba, ta nuna mini. "Tun da kuka tsayar," in ji ta, "babu mai kirana Maman Innocent. Mijina ma Lucia yake cewa, don kada na yi kuka."

Da zan tafi na ce sai an jima, Maman Innocent. Ta rufe fuska da zane, ni ma na kasa riƙe hawayena.

Yanzu nas ce za ta tsayar da saƙon, ta kuma kira uwar da bakinta ta yi mata gaisuwa. Ba za a goge sunan kowa ba sai uwar ta ce a goge.

Umma, a wasiƙarki kin ce kafin Hussaina kin haifi namiji, Yahuza, ya yi wata huɗu ya koma. Shekarata talatin da ɗaya, ban taɓa jin sunansa a gidanmu ba. Kin rubuta shi a layi ɗaya, kika wuce zancen maganin ƙafa.

Na karɓi hutu. Ranar Juma'a zan taho in Allah ya yarda. Kada ki wahalar da kanki da girki. Zan zauna ta wajen kunnenki na dama, ki ba ni labarinsa, da wa ya yi kama, da yadda kike kiransa.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya jiƙan Yaya Yahuza.

'Yarki,
Sa'adiya