Kwaɗon Wake da Talotalon Inna

Toranke, ƙasar Gaya,
Watan Zulƙida, 1974.

Zuwa ga Yaya Maiwada, a Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Hindatu. Mun ji cikinta ya tsufa, Allah Ya sauke ta lafiya, amin. Mu nan sai godiya. Bana damina ta yi albarka bayan farin bara, an kai gero rumbu, ana ta roron wake.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto. Tun da zazzaɓi ya kwantar da ita ba ta koma cin abinci ba. Tuwo ta ce ya yi nauyi, kunu ta ce ya ishe ta. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. In mun kai ta gindin ɗorawar nan ta bayan gida, wuni take tana kallon gabas, tana cewa tana ganin marigayi Baba tafe ta cikin dawa da farar riga, yana yafito ta. Malamin asibitin Ajingi ya ce ciwon ya tafi, saura ƙarfi, sai an ba ta abin da ke gina jiki: nama, wake da gyaɗa.

Sai Goggo Hure ta zo dubiya daga Balan. Ta kalli Inna, ta kalli talotalon da ka bari yana ta buɗe wutsiya a tsakar gida, ta ce ga magani yana yawo muna kallo. Inna ta ce ba za a taɓa abin Maiwada ba alhali ba ya nan. Goggo ta ce ai Maiwadan ma na Inna ne, balle tsuntsunsa. Kawu Barau ya yanka shi da hantsi.

Goggo ta sa na dafa sabon farin wake da 'yar kanwa, ya yi laushi amma bai fashe ba, na tsane shi a kwando ya huce. Tsokar ƙirjin muka dafa da citta da albasa da gishiri, muka yayyage ta siri-siri saboda haƙoran Inna. Muka haɗa su a ƙwarya da dafaffen zogale da tumatir, muka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da ɗan yaji, muka zuba man gyaɗa kaɗan, muka matsa lemon tsami. Goggo ba ta ce mata ci ba. Kusa da ita ta ajiye ƙwaryar, ta zauna tana ci tana ba da labarin bikin Balan.

Yaya, da ka ga hannun Inna yana tafiya a hankali kamar ba nata ba. Ta ci loma, ta lumshe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba. Ta ce ƙamshin waken ya mayar da ita gonar mahaifinta, lokacin tana yarinya, shanu na wucewa da yamma, furen wake ya rufe kunyoyi. Ta ƙara loma, ta ƙara, har ta nemi ruwa. Ni dai bayan rumbu na zagaya na yi kukana.

Sauran naman mun soya mun adana, kullum ina haɗa mata kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa, jiya da sanda ta taka har zaure. Yau da safe ta ce Baba ya sake zuwa mata a mafarki, ya miƙo hannu, ita kuwa ta ce masa ya yi haƙuri ya jira, ba ta zuwa ko'ina sai ta goya abin da Hindatu za ta haifa. Ta ce in gaya maka haka, kuma tuni ta sa an wanke mata majanyi.

Ka gaishe da Yaya Hindatu da Kawu Abdulsalam da iyalinsa. Inna da Goggo da Kawu Barau da maigidana duk suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Lauratu.