Zuwa Ga Baba: Babur Ɗinka Ya Tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne Bashiru. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma tun ranar Asabar maganar nan take bakina, kuma kai ya kamata ka fara ji. Babur ɗinka mai ƙafa huɗu ya tashi. Bari in bi maka labarin daki-daki.

Tun da ka rasu yana nan inda ka bar shi, ƙarƙashin rumfar bayan gida a Ambursa. Damina biyu ke nan. Kaji sun mai da mazauninsa wurin kwana. Ka tuna ranar da ka sayo shi a gwanjon wani aikin gona da ya tashi, mutane suka taru suna dariya, wai ba mota ba, ba babur ba. Kai kuwa ka ce da su, “Ku bari ruwa shi sauka, sannan mu yi magana.” Da ruwa ya sauka, shi kaɗai ke ratsa taɓo har bakin gonarmu ta fadama.

Inna ce ta ta da maganarsa. Gwiwoyinta sun matsa mata ƙwarai bana, har salla a zaune take yi. Likita ya ce sai an riƙa ganinta duk mako, don haka muka shirya ta dawo wurina Gwadangaji. Ta ce ta ji, amma ba inda za ta sai ta ga shinkafar bana da idonta kafin a yanke. Mota ba ta shiga hanyar, ka sani. Babur mai ƙafa biyu kuma ba ta iya hawa. Ƙanena Nasiru, wanda ke riƙe da gonar yanzu, ya ce zai ɗauko mata hoto a waya. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Sai na je rumfa na yaye buhunan da aka rufe shi da su. Batir ya mutu tun kana raye, da igiya kake ta da shi. Na zuba sabon fetur, na goge fulogi, na kama mariƙin igiyar na ja. Ta biyo ni salin-alin, ta tsinke a hannuna, guntun da ya rage kuma ya ƙi komawa ciki. Nasiru ya ce mu kira masu sayen tsohon ƙarfe kawai mu huta. Na shiga ɗakinka na ɗauko akwatin sifanunka.

Baba, ka san ni da alli da allo na tashi, ban taɓa kwance ko fitila ba. Amma noti huɗu ne kawai ke riƙe da murfin gidan igiyar, suka kuma fita ba gardama. A ciki akwai faifan da igiya ke naɗewa a kai, da ɗan haƙorin ƙarfe da ke cafke injin idan an ja. Na kwance na tsakiya, na ɗaga faifan. Ban ankara ba sai wani dogon sifirin ya yi tsalle ya warware, ya tsaga mini babban yatsa, ya faɗa cikin kaji. Inna tana kan tabarma tana kallo. Ta ce, “Haka shi ka yi ma babanku duk shekara.”

Na tattara komai a leda na hau mota zuwa Birnin Kebbi. A layin masu kayan janareta na sami shagon wani dattijo Ibo, Oga Emeka, wanda ya fi shekara talatin a garin, Hausarsa ta fi tawa Kabanci. Yana ganin murfin ya juya shi, ya sa yatsa kan walda ɗin nan da ka yi a gefe. Ya ce, “Wanga na Malam Umaru na, na Ambursa. Ina shike? Kwana biyu ban gane shi ba.” Na gaya masa ka rasu. Ya cire hularsa. Sannan ya jawo mini benci.

Ya ce irin wannan sifirin ya daina zuwa kasuwa, amma naka bai mutu ba, ƙugiyar bakinsa ce ta karye. Ya ƙi gyara mini. Ya ce in ya yi yau, gobe a fadama wa zai yi? Ya sa na gasa bakin ƙarfen a wuta har ya yi ja, muka bar shi ya huce da kansa, na lanƙwasa sabuwar ƙugiya da filaya. Ya nuna mini yadda ake mai da shi gidansa, daga waje zuwa ciki, zagaye bayan zagaye, yatsa na danne da shi. Sau uku yana kuɓuce mini. A na huɗu ya zauna. Ya auno mini sabuwar igiya, ya ce in gaida Inna.

Washegari da hantsi na shimfiɗa buhu a tsakar gida. Na wanke tsatsa da kalanzir, na shafa giris kaɗan, na murɗa faifan zagaye biyar kamar yadda aka koya mini, na zura igiya ta ramin, na ƙulla a mariƙi. Na sake ta a hankali, ta shige ciki da kanta. Wallahi sai da na yi murmushi ni kaɗai. Na ɗaura murfi, na ja da ƙarfi. Ƙullin ya zame, mariƙi ya zo hannuna, igiya ta gudu ciki. Na sake kwancewa, na sake ƙullawa, har biyu a kan juna. Ya sake zamewa.

A nan ne Inna ta ce, “Kawo nan.”

Na ɗauka wasa take yi. Ta karɓi bakin igiyar, ba ta ma duba ba, yatsunta suka juya ta sau biyu, ta cusa, ta ja da haƙori. Ta ce in ɗebo mata garwashi a murhu. Ta ƙona bakin, ta murje shi da yatsa mai yawu. Ta miƙo mini ta ce, “Ja, in ta zame ka ce ba Argungu anka haife ni ba.”

Baba, ba ka taɓa gaya mana ba. Ashe duk shekarun nan ita ke ɗaure maka ƙullin. Ta ce tun tana yarinya take taya mahaifinta ɗinkin taru a bakin gulbi, kuma ƙullin masunta ba ya sakin jiki ko ya jiƙe. Ta ce kai sai ka kwance komai, ka gyara, ka haɗa, in an zo kan igiya sai ka leƙo ɗaki ka ce, “Hajo, zo ki sa hannu, kada yara su gani.” Tana faɗa tana dariya, har ta share ido da gefen zane. Rabon da in ji dariyarta haka tun kafin ka kwanta ciwo.

Ja na farko ya yi tari. Na biyu shiru. A na uku ya kama, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, kaji suka watse. Maƙwabcinmu Malam Garba ya fito daga gidansa ba takalmi. Da ya ga ni ne a kai, sai ya tsaya turus, ya ce Allah Ya jiƙan Malam, ya koma ciki.

Ranar Asabar bayan an karya kumallo muka ɗora Inna. Nasiru ya ɗaure mata matashi a baya, muka kama ta mu biyu har ta zauna. Na tuƙa a hankali ƙwarai, shi yana biye da mu a ƙasa. Wurin kwazazzabon nan da ruwa ke kwanciya gabana ya faɗi, amma babur ɗin ya ratsa. Inna ta riƙe rigata da hannu ɗaya, tana amsa gaisuwar mutane da ɗayan.

Shinkafa ta yi kyau bana, Baba. Ta nuna, kawunanta sun sunkuya. Muka sauke Inna a bakin kunya, ta dafa kafaɗata, ta daɗe tana kallo. Can ta nuna kusurwar gabas ta ce a kai ta. Da muka isa ta shafa zangarniya ɗaya, ta murza a tafin hannu. Jar shinkafa ce, irin ta da, wadda ’yan kasuwa ba sa so, wadda kake ware wa fegi guda saboda ita take so a tuwo. Ta ce, “Wa ya shuka wagga?” Nasiru ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Ashe bara ma ya shuka, bai gaya wa kowa ba. Inna ta kamo hannunsa ta riƙe. Ta tsinki zangarniya uku ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce, “To, mu tahi. Gobe sai birni.”

Tana nan wurina yanzu, a ɗakin da ke kusa da famfo. Ta fara ganin likita, kuma jikokinka sun hana ta sakat.

Allah Ya gafarta maka, Baba. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa wahalar da ka sha a kanmu ta zama nauyi a mizaninka. Ya ba Inna lafiya, Ya bar mana ita. Ya haɗa mu da kai a gidan da ba rabuwa. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Bashiru
Gwadangaji, Birnin Kebbi