Na Aika Ta'aziyyar Ƙwallo Ranar da Aka Binne Mahaifinsa

Hajiya Muhsinat, don Allah ki taimaka min da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin kwana goma suka rage min. Yau wata guda ke nan ina yawo da kunya a cikin Maiduguri, ni da a da ba a san ni da sunkuyar da kai ba, musamman in maganar ƙwallo ake.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da shadda da yadi a Kasuwar Litinin. Iyayena 'yan Kano ne, amma a nan aka yanke min cibiya. Ina da aboki, zan kira shi Ajimi ko da yake ba sunansa ba ne. Kanuri ne ɗan Konduga, yana sayar da huluna, shago huɗu ne tsakanina da shi. Shekararmu sha tara tare. A shekarun da zaman Konduga ya gagara, iyayensa sun yi wata takwas a gidanmu, tun daga lokacin mahaifiyarsa Ya Fanna take ce min ɗanta na kasuwa. Mahaifinsa Ba Gana kuwa, kafin ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu da suka wuce, duk kaka sai ya aiko min da wake daga gonarsa.

Muna da majalisa a gindin wata darbejiya kusa da mai shayi. Akwai 'yan Madrid, akwai 'yan Barcelona, akwai 'yan Chelsea da Arsenal da sauransu, ba ma haɗa baki sai ranar da ƙungiyarmu ta gida El-Kanemi ke wasa. Ni suna ce min Kwamfuta. Ki tambaye ni ƙwallo nawa ɗan wasa ya ci a kakar wasa uku, nawa ya ba wani ya ci, nawa ne na fenariti a ciki, zan zuba miki ba tare da na duba waya ba. Ranar haihuwar 'ya'yana sai matata ta tuna min, amma wannan ba na mantawa. Ni da Ajimi mun shekara biyu muna musu a kan mai lamba taran ƙungiyarsu. Shi ya ce yana cikin biyar na farko a duniya, ni na ce ko cikin hamsin aka sa shi an yi masa alfarma. Ba zan faɗi ƙungiyar ba, don ina faɗa duk layinmu za a gane mu.

To, muna da wata al'ada. In aka lallasa ƙungiyar mutum, sai a je masa ta'aziyya. Bara da aka fitar da mu daga gasa, Ajimi da kansa ya zo ƙofar shagona da tabarma da dabino, ya zauna ya ɗaga hannu yana cewa Allah ya ba ni haƙurin rashi, mutane na ta dariya. Na haɗiye, na ce zan rama. Akwai kuma abin da kowa ya sani, wanda aka ci yakan kashe waya ya ɓuya, mu kuma mu ce ya shiga takaba.

Wata Asabar aka yi wasan la'asar, aka zuba wa su Ajimi huɗu ba ko ɗaya, mai lamba taran nasa ya zubar da fenariti. Na waiga a gidan kallo ban ga Ajimi ba. Na kira, waya a kashe. Daɗi ya kama ni, na ce yau ranata ce. Kafin a kira magariba na koma gefe, na gyara murya kamar limamin jana'iza, na yi masa saƙon murya. Na haddace shi yanzu, don na saurare shi ya fi sau talatin. Na ce: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwa Ajimi, labari ya iso mu, jikinmu ya yi sanyi. Allah ya ba ku haƙurin wannan babban rashi." Sannan na ce: "Amma a faɗi gaskiya, mamacin nan ya daɗe yana jinya, ku ma kun gaji da shi, yau kun huta. A yi sauri a rufe shi." Daga nan na fashe da dariya, na shiga lissafo masa minti nawa gwaninsa ya yi bai ci ƙwallo ba.

Hajiya, a lokacin da nake wannan maganar, Ajimi yana dawowa daga maƙabarta a Konduga. Ba Gana ya rasu da azahar, aka kira shi, ya ja ƙofar shago ya tafi bai tsaya gaya wa kowa ba, cajin wayarsa kuma ya ƙare a hanya.

Sai washegari da hantsi Pindar, wani abokinmu na majalisa da ke gyaran agogo, ya kira ya gaya min. Ban ko gama salati ba na shiga cikin wayata don in goge saƙon. Na tarar da alamar an riga an saurara. 'Yan majalisa suka haɗa mota ranar Litinin za su je gaisuwa, na ce zazzaɓi nake. Ƙarya ce, lafiyata ƙalau.

Da na san iyakar abin ke nan da da sauƙi. Pindar ya dawo da sauran labarin, daga bakin ƙanen Ajimi ya ji. Ashe da safiyar Lahadi da Ajimi ya samu caji, saƙonnin ta'aziyya na 'yan'uwa na nesa suka yi ta shigowa. Ya shiga wajen mahaifiyarsa, tana zaune da 'yan'uwanta mata da matan unguwa, yana kunna mata ɗaya bayan ɗaya a sifika don ta ji da kunnenta. Da ya ga sunana sai ya ce mata ga ɗanta na kasuwa. Suka saurari farkon, suka ce amin. Sai sauran ya biyo. Kafin ya lalubo wajen kashewa, an ji maganar gajiya da hutawa, an ji dariyata. Lissafin ƙwallon da zai nuna wasa nake, shi ne ba wanda ya ji. Ya Fanna ba ta da Hausa sosai, ban san iyakar abin da ta gane ba. Amma akwai ƙanwar Ba Gana a wurin, ta yi shekaru a Kano, an ce ta tashi ta fita.

Ya Fanna shekara biyu tana juya mijinta a kan shimfiɗa, tana ba shi kunu a baki. Muryata ce ta ce mata ta huta.

Ban je addu'ar kwana uku ba, ban je ta bakwai ba. Kullum sai in ce gobe. Na rubuta saƙon ban haƙuri ya kai goma ina gogewa. Ajimi ya dawo kasuwa, ni kuwa na koma zagayawa ta layin 'yan hatsi don kada in wuce ƙofar shagonsa. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a wajen alwala. Ya yi min sallama, na ce ya haƙuri ina kallon buta, ya ce da godiya, ya wuce. Bai zage ni ba, bai tayar da maganar saƙon ba, kuma bai sake zuwa majalisa ba. Ni ma in na je yanzu ana musun wa ya fi wa, sai a ce Kwamfuta kawo lissafi, in ce na manta. Shekaranjiya Pindar ya ce min Ya Fanna ta tambaye ni har sau biyu, ko ba ni da lafiya ne.

Wani lokacin raina yakan ce ai ban sani ba, kuma shi ya fara kawo min tabarma. Wani lokacin in ji kamar in tattara in koma Kano. Saura kwana goma a yi addu'ar arba'in. In je in saje cikin jama'a? In tura wani babba ya ba da haƙuri a madadina? Ko in bari abin ya huce da kansa? Ina tsoron in na shiga gidan nan a nuna ni da baki, kuma ina tsoron in ban shiga ba na rasa Ajimi ke nan har abada.

Naki,
Mai zagaye ta layin 'yan hatsi, Maiduguri.

AMSA

Ɗan'uwana mai zagaye, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na ji tausayinka. Ni ban san wane ne na biyar a duniya ba, ban kuma damu in sani ba, amma tunda kai mai lissafi ne, bari mu yi lissafin da ya fi wancan amfani. Laifi biyu ne a nan, kai kuma ka zuba wa ƙaramin ido.

Na farko saƙon ne. Ba ka san an yi rasuwa ba, wasan kuma ba kai ka ƙirƙiro shi ba, Ajimi ma ya yi maka. Duk mai adalci zai ba ka wannan. Sai dai kada ka wanke kanka tas. Ka san akwai dattijo kwance shekara biyu a gidansu, ka ga wayar abokinka a kashe, tunaninka bai je ko'ina ba sai filin wasa. Sannan kalmomin da muke faɗa a kan gawa ba kayan tsokana ba ne, ko da kuwa duk majalisa na yi.

Na biyu shi ne wata gudan nan. Saƙon minti ɗaya ne, cikin rashin sani. Rashin zuwanka kwana talatin ne, kuma kowace safiya da saninka ka zaɓe shi. Ina kyautata zaton Ajimi ya gane saƙon tun bai kashe wayar ba, don ya san muryar tsokanarka fiye da kowa. Abin da ba zai gane ba shi ne yadda Pindar ya samu hanyar Konduga, kai da iyayensa suka kwana a gidanku ba ka samu ba. Ka tuna kuma shi ne ya gabatar da kai a gaban iyayensa mata da alfahari, shi ya ji kunyar a wurin, kuma wata guda ke nan yana kare ka ko yana yin shiru in an ambace ka. Kunyar da kake ji gaskiya ce, amma har yanzu kanka take yi wa aiki. Tana kare fuskarka ne, ba ta rage wa kowa zafi ba.

Kada ka jira arba'in. Ranar taro ce, za ka ɓuya a cikin mutane ka dawo ka ce ka je. Kada ka tura wakili, kada ka sake aika saƙo, waya ta yi iyakar ɓarnar da za ta yi a wannan magana. Gobe da safe ka bi ta ƙofar shagonsa, ka zauna, ka fara yi masa ta'aziyyar mahaifinsa yadda ake yi. Bayan nan ka ce ka yi kuskure a saƙo, ka yi wanda ya fi shi da ka ƙi zuwa, kunya ce ta hana ka. Kada ka kawo maganar tabarmar bara. Da zarar ka ce ai kai ma, ka mayar da ban haƙuri musun majalisa, kuma wannan musun ko ka ci ka faɗi.

Sannan ka roƙe shi izinin zuwa Konduga cikin makon nan. Ka tafi da matarka, don ita za ta iya zama cikin mata bayan kai ka fito. Ka riƙe abin da ake riƙewa na gaisuwa daidai ƙarfinka, kada ka cika mota da kaya kamar mai biyan tara. Ka durƙusa gaban Ya Fanna ka yi wa mijinta addu'a da sunansa. Bayanin saƙon ka bar wa Ajimi ya yi mata da Kanuri in ya ga da buƙata, shi ya san abin da ta ji da wanda ba ta ji ba. Ƙanwar marigayin kuwa ta ji komai, ita ka nema da kanka, ka gaya mata gaskiya a taƙaice. Idan ta faɗa maka magana mai zafi, ka saurara har ta gama. Marigayin ɗan'uwanta ne.

Ba zan yi maka alkawarin za a karɓe ka hannu bibbiyu ba. Mai yiwuwa Ajimi ya amsa a sanyaye, ya ɗauki watanni kafin ya sake yin dariya da kai, kuma haƙƙinsa ne. Ka koma ranar arba'in duk da haka, da sassafe, cikin masu shimfiɗa da ɗauke kwanuka, ba cikin baƙi ba. In kun koma majalisa wata rana, ku yi musunku na wa ya fi wa har muryarku ta dushe, amma kai ka fara cewa a bar ta'aziyya ga masu rashi. Daga bakinka za a fi jin maganar.

Kana tsoron a nuna ka da baki. Za a iya nunawa, na yini ɗaya. Ka ɗauka, domin tsohuwar da aka yi wa rashi ita ce ke tambayar lafiyarka, kuma bai kamata ta kwana arba'in tana neman maka uzuri ba.

Allah ya jiƙan Ba Gana, ya sa jinyarsa ta zama kaffara, ya ba Ya Fanna da 'ya'yanta haƙuri. Kai kuma Allah ya sauƙaƙa maka takun shago huɗun nan gobe da safe.

Hajiya Muhsinat