Kyamarar da Muka Ƙera Tana Kulle a Sito

Zuwa ga Mai Girma Farfesa,
Daraktan cibiyar ƙera na'urorin sararin samaniya, inda na yi aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, ranka ya daɗe, ni ce Rabi'atu, tsohuwar ɗalibarka, wadda ka ɗauka aiki da hannunka. Daga Malumfashi nake rubuto maka. Sau uku na aiko takarda ta ofis ban ji amsa ba, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a. Ba cin mutunci na nufa ba. Gajiya ce kawai.

Saboda masu karatu, bari in faɗi abin da kai ka riga ka sani. Shekara huɗu muka yi, ni da abokin aikina Injiniya Bala, muna ƙera wata 'yar kyamara da ba ta wuce girman gwangwanin madara ba. Aikinta shi ne a ɗaura ta jikin ƙaramin tauraron ɗan'adam, ta riƙa duban gonaki daga sama, ta gane masarar da ke jin ƙishi ko wadda tsutsa ta kama, tun kafin idon manomi ya gani. Ni 'yar manomi ce. Ina nan shekarar da tsutsa ta cinye gonar mahaifina, ya tsaya a bakin kunya, hannu a baya, yana kallon gonar. Abin da ya kai ni wannan aiki ke nan.

Abubuwa uku ne ke damuna. Na farko, maganar sa hannu. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba mu gurbi a tauraronta. Abu ɗaya ta nema: takardar izini daga Darakta, a fitar da kyamarar a gwada ta a injin girgiza, a tabbatar za ta jure tashin roka. Ni na kai takardar ofishinka da kaina. Wata biyar ina sintiri. Yau a ce ka yi tafiya, gobe a ce kana taro, jibi a ce fayil ɗin ne ba a gani ba. Ranar da na tare ka a bakin mota, ka ce, "Rabi, kwantar da hankalinki, za a duba." Tauraron ya tashi ba kyamararmu. A waya muka kalli tashinsa, muna zaune a ɗakin gwaji. Kafin a gama, Bala ya miƙe ya fita.

Na biyu, inda aka ajiye ta. Bayan wannan aka mai da ɗakin da muke aiki ɗakin taro, aka kwashe kyamarar a cikin akwatinta zuwa sito, cikin karyayyun kujeru da tsofaffin takardu. Farfesa, kai ka koya mana cewa irin wannan na'ura ba a kusantarta sai da safar hannu da hula da takunkumi. Siton nan yana yoyo, kowa ya sani. Idan laima ta shiga akwatin, funfuna ta kama gilashin kyamarar, aikin ya tashi a banza, domin ba abu ba ne da ake gogewa da ƙyalle. Na nemi makulli in duba ta, aka ce kayan cibiya ne, ba nawa ba.

Na uku, mu da muka yi aikin. Bala ya tattara ya tafi, yanzu yana can yana ƙera wa wasu irin wannan na'ura. Ni kuwa na gaji da zuwa ofis in zauna ina kallon bango, na ajiye aikin na dawo gida. Yanzu injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana nake gyara wa masu noman rani, daga nan har Funtuwa. Ban raina sana'ar ba, tana rufa mini asiri, manoman kuma suna sa mini albarka. Abin da ke ci mini rai daban ne. Mahaifina ya gama gaya wa duk majalisarsu cewa 'yarsa na ƙera abin da zai hau sama ya duba musu gona. Da, duk zuwana gida sai ya tambaye ni, "To, ta hau?" Yanzu ya daina tambaya. Idan abokansa suka tayar da zancen, sai ya kawo wata hira.

Makon jiya Bala ya kira ni. Jami'ar nan za ta sake harba wani tauraro, kuma ta yarda ta sake karɓarmu, in har kyamarar ta isa kafin a gama girbin bana. Sun ce bayan wannan ba za su ƙara jiranmu ba, ni ma ban ga laifinsu ba.

Don haka ga roƙona. A buɗe siton a gabanka, a bar ni in duba akwatin. Idan kyamarar tana da lafiya, ka sa hannu a takardar. Shafi ɗaya ce, na haɗo sabon kwafi na bar wa sakatarenka. Idan kuma sunana ne ke kawo cikas, tunda na bar aiki, a cire shi a sa na duk wanda kake so. Wallahi ba zan yi ƙorafi ba, ita dai ta tafi.

In kuwa an buɗe an tarar gilashin ya riga ya lalace, ina roƙo a gaya mini gaskiya, ko da a layi ɗaya ne, in san cewa jira ya ƙare.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Injiniya Rabi'atu,
Malumfashi.