Buhu Uku Cikin Ruwan Kainji

Warra, 9 ga Agusta, 1968

Zuwa ga ƙanena Illo,

Gaisuwa mai yawa. Bayan haka, ruwan dam ya cinye gungunmu, tsibirin da muke zaune, ya yanke hanyar Yelwa, ga ƙirjin Inna ya tashi, ba ta iya tafiyar kwalekwale. Kai ke lodi a jirgin saman kamfanin dam. Don Allah ka roƙi direban ya kai ta asibiti. Ka haɗa da buhu uku na irin shinkafar Baba, damshi na kama su nan. Su kaɗai munka fitar, kuma babu mai irin wagga shinkafa sai mu.

Yayanka, Mainasara

Yelwa, 13 ga Agusta

Yaya Mainasara,

Ina gaisuwa. Inna na asibiti da ranta. Sauran labarin ba daɗi.

Mun tashi gari garau. Kafin mu kai Yelwa hadari ya riga mu, ya mai da filin jirgi taɓo. Direba ya ce nauyin da busasshen fili zai ɗauka, jiƙaƙƙe ba zai ɗauka ba, sulɓewa za mu yi mu faɗa fadama. Warra ma hadarin ya rufe ta. Ya ce ko mu yi ta zagaye awa guda har mai ya ragu, jirgi ya rage nauyi, ko a rage kaya yanzu.

Yaya, leɓen Inna ya yi baƙi, numfashinta sama-sama. Na ce ba ta da awa guda. Direba ya rage gudu, na buɗe ƙofa, na tura buhunan ɗaya bayan ɗaya cikin ruwa. Hannuna ne, ba na direba ba.

Ta farfaɗo jiya, ta ce, "Illo, an sa irin shinkafar wuri mai iska?" Na ce an sa. Wallahi na kasa haɗa ido da ita. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ƙanenka, Illo

Warra, 20 ga Agusta

Illo,

Na sami takardarka. Kwana uku ina zaginka, ko abinci ban iya ci.

Kak ka gaya mata, ina tafe, ni zan faɗa. Da ni ne a jirgin, da na jefa su tun kafin direba ya rufe baki. Allah ya sa ba ni ba ne, shi ya sa na sami bakin yin fushi.

Ka gaishe ta.

Mainasara