Wanda Zai Zauna Waliyyi

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ciwon ƙafar ya yi sauƙi, yara kuma suna lafiya.

An ɗaga ɗaurin auren 'yarki, 'yar nan tawa. Maganar waliyyi ce ta tsayar da shi.

Da liman ya tambaye ni wanda zai ba da auren, na gaya masa gaskiya, ban taɓa aure ba. Bai ɗaga murya ba. Ya yi mini bayani a hankali: 'yar da aka haifa ba da aure ba, ba a jingina ta ga uba, don haka alƙali ne waliyyinta.

Ana cikin haka sai ga mai kemis. Shi dai da kika sani, wanda ya yi mini cikinta. Ya same ni a maɗaba'a, ya zauna a benci tsakanin injin da kwalayen tawada, da furfurarsa da sabuwar hula. Wai ya ji labari, yana so ya zauna waliyyi, a kai maganar wani masallaci inda ba a san mu ba. Mutumin da bai taɓa ba ta ko maganin tari ba, alhali kantinsa cike yake da shi.

Yaya, na so in yarda. Na gaji da yadda hira take mutuwa idan na shiga taron mata, kuma ba na so ta gaji wannan shirun. Amma liman ya riga ya gargaɗe ni: walicci mara tushe yana iya ɓata auren kansa.

'Yarki ce ta yanke. Ta ce ba za ta shiga ɗakin miji da ƙarya a ƙarƙashin katifa ba. Ta je makarantar da yaron da zai aure ta yake koyarwa, ta jira aka tashi, ta gaya masa komai. Ashe ya daɗe da sani. Mahaifiyarsa ce ba ta sani ba, kuma a ranar ya gaya mata.

Daga nan muka ji shiru. 'Yarki tana cin abinci, tana zuwa aiki, amma wayarta ba ta barin hannunta.

Ki gaishe mini da maigidan, ki sa mu a addu'a. Yau da safe ƙanwar yaron ta kira, ta tambayi ranar da alƙali yake zama. Ta ce mahaifiyarsu za ta zo kotun da kanta. Ba ta faɗi abin da zai kawo ta ba.

Ƙanwarki,
Ƙarama